Bayan Bugun Zuciya: Yadda Majinyaci Zai Koma Sahun Sallah da Gonarsa

Idan magidanci ya tsira daga bugun zuciya aka sallamo shi daga asibiti, abin da aka saba gani a gidajenmu na Kankara, Faskari da Sabuwa shi ne a shimfiɗa masa katifa a ɗaki, a hana shi ɗaukar ko da buta. Ƙauna ce ke sa iyali yin haka. Sai dai likitoci sun daɗe da gano cewa kwanciyar da ta wuce kima tana ƙara wa mai wannan ciwo rauni.

Bugun zuciya yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke shayar da naman zuciya, sai ɓangaren da jini ya yanke masa ya mutu. Wurin yakan ɗauki kimanin mako 6 zuwa 8 kafin ya warke ya bar tabo, sauran naman kuma shi zai ci gaba da ɗaukar nauyin aikin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi suke.

A da, likitocin Turai da Amurka ma kwantar da majinyaci suke yi har mako 6. A 1952 ne Samuel Levine da Bernard Lown, likitoci a birnin Boston, suka bayyana amfanin tayar da shi ya zauna a kujera tun kwanakin farko. Daga nan aka gina shirin maido da ƙarfin zuciya, wanda ya haɗa motsa jiki a ƙarƙashin kulawa, shan magani, gyaran abinci da kwantar da hankali. A Amurka yakan kai zama 36 cikin mako 12. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2016 ya nuna shirin yana rage mutuwa ta sanadin ciwon zuciya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Mu a nan matsalarmu nisa ce. Likitocin zuciya sun fi yawa a asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Aminu Kano, da na Tarayya da ke Katsina. Manomin Sabuwa ko mazaunin Sheme ba zai iya zuwa Zariya sau uku a mako ba, ga kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga a hanya. Abin farin ciki shi ne, bincike ya nuna shirin da likita ya tsara ake bi a gida yana ba da sakamako kusan daidai da na asibiti. Don haka kada a bar asibiti sai an karɓi tsari a rubuce: minti nawa zai yi tafiya, yaushe zai ƙara, yaushe zai dawo. Awon hawan jini da na suga kuwa ana iya yin su kusa, a Babban Asibitin Kankara ko na Funtua.

Tafiya a ƙasa ita ce ginshiƙin shirin. Akan fara da minti 5 zuwa 10 a shimfiɗaɗɗen wuri, da sanyin safiya ko bayan La'asar, tare da ɗan rakiya. Ana ƙarawa sannu a hankali har a kai minti 30 a yini, kwana 5 a mako. Ma'aunin mai sauƙi ne: ya iya hira yana tafe. Idan maganar ta gagara, ya rage sauri. Idan ya ji nauyi a ƙirji, ko zafi yana gangarowa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ya tsaya nan take a nufi asibiti. Huɗa, faskare da ɗaga buhun masara duk su jira izinin likita.

Shari'a ta yi wa majinyaci sauƙi a wannan lokaci. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari ya halatta wa wanda ya kasa tsayuwa ya yi sallah a zaune, wanda ya kasa zama ya yi a kwance. Yana samun ƙarfi sai ya koma tsayuwa, kuma takawa zuwa masallacin unguwa tana iya shiga lissafin tafiyarsa. Azumi ma haka: likitoci sukan hana wanda bai cika mako 6 da bugun zuciya ba, shi kuwa yana da rangwamen sha ya rama, ko ya ciyar idan ciwon ya zama na dindindin. Mai niyyar Hajji ya tuna cewa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita 3, saboda haka ya nemi shawarar likita kafin ya biya kuɗin kujera.

Magani ba a dakatar da shi don an ji sauƙi, musamman masu hana jini daskarewa ga wanda aka saka wa ɗan bututu a jijiya. Addu'a da ruƙiyya suna tafiya tare da magani, kuma duk wani sassaƙe ko jiƙo sai an sanar da likita. Uwargida ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, domin abin da ake so kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. A rage kitse da soye-soye, a yawaita wake, zogale da rama. Sigari da shisha kuwa a bar su gaba ɗaya.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Da yawa daga masu wannan lalura tsoro da ƙunci sukan kama su, har mutum ya daina fita ko ya ji kunyar tambayar likita game da kusantar iyalinsa. Wannan tambaya halas ce, kuma likita yana da amsarta. Masu zuwa dubiya su daina kawo labarin wane da ya faɗi ya mutu. Ya fi lada ɗalibi ko maƙwabci ya ce: "Baba, tashi in raka ka zuwa bakin masallaci."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da yankinmu cikin aminci.