Tsakanin Carbi da Katin Awo: Fargabar Mai Ciki da Mafakar Addini

Idan mace ta samu juna biyu a ƙasar Hausa, ba a yi mata murna da babbar murya. Addu'a ake yi mata: "Allah ya raba lafiya," "Allah ya sauke ki lafiya." Barka sai an ji kukan jariri, kuma ko a ranar, "barka da arziki" ake cewa, irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya tsallake rijiya da baya. Tsofaffi ma ba sa ɓoyewa, cewa suke mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya take, ɗayar a lahira.

Ba tsoron banza ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya a dalilin ciki ko haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan rashi a duniya baki ɗaya, kuma Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne suka fi ɗanɗana kuɗarsa. Matar da ke ɗauke da cikin wata bakwai a Funtuwa ko Maraɗi ba ta buƙatar alƙaluman kowa. Ta san maƙwabciyar da jini ya ɓalle mata, ta san ƙanwar kishiyarta da jijjiga ta ɗauke, wataƙila ma da ita aka yi zaman makoki. Duk wanda zai yi magana a kan fargabar mai ciki ya fara da amincewa cewa fargabar tana da tushe.

A kan wannan tushe kuma aka ɗora kunya. Mai cikin fari ba ta ambatar cikinta a gaban surukai, wata ko mahaifiyarta ba ta iya gaya wa. Ana ɓoye ciki har sai ya fito da kansa, don tsoron baki da maita. A ɗakin haihuwa jaruntaka ita ce a cije, a haihu shiru, har ana yabon wadda ba a san tana naƙuda ba sai da aka ji kukan ɗa. To macen da zuciyarta ke bugawa tsakar dare, barci ya ƙaurace mata, wa za ta gaya wa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 16 cikin 100 na masu ciki, da kusan kashi 20 na masu jego, suna fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa. Likitocin wannan fanni kuwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, kuma sunan asibitin Dawanau ko na Kware kaɗai ya isa ya sa iyali su ja baya. Sai a farkon 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ƙofa ɗaya ce a buɗe dare da rana, ba kuɗin kati, ba neman izini, ba abin kunya: ƙofar Ubangiji.

Dogaro da addini a lokacin ciki ba sabon abu ba ne, siffarsa ce ta sauya. A da, uwar miji ce ko kaka ke zuwa wurin malamin zaure ta karɓo rubutun sha da laya, ita kuwa mai cikin nata a ba ta ta sha. Yanzu, bayan yaɗuwar Islamiyyun matan aure tun wajajen shekarun 1980, lokacin da ƙungiyoyin mata Musulmi irin su FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, suka fara ƙarfi, mace da kanta take buɗe Alƙur'ani. Tana da ɗan littafin azkar a ƙarƙashin matashi, tana da karatun Suratu Maryam a waya, tana cikin zauren WhatsApp na ƙawaye inda ake tura addu'o'in sauƙin naƙuda. Shagunan magungunan Musulunci sun cika unguwanni da man zaitun, da habbatus sauda, da ruwan zamzam, masu ruƙiyya kuma sun samu kasuwa. A ganina wannan sauyi ya ba mace wani abu da ba ta da shi a da: ita ce mai roƙo, ba wadda ake roƙa wa kawai ba.

Amfanin abin a bayyane yake, kuma ban yarda da masu raina shi ba. Fargaba tana ƙaruwa ne a inda mutum ya ji komai ya kuɓuce masa. Salla biyar tana yanka wa yini iyakoki, alwala tana sanyaya jiki, jan carbi a hankali yana daidaita numfashi, numfashi mai tsawo kuwa yana rage bugun zuciya. Abin da likitocin ƙwaƙwalwa ke koya wa marasa lafiya ke nan da wasu sunaye. Imani da ƙaddara yana sauke wa mace wani kaya mai nauyi, wato zargin kai. Wadda ta yi ɓari sau biyu, ko ta haifi ɗa ba rai, tana buƙatar abin da zai gaya mata cewa ba laifinta ba ne, kuma abin da ta rasa bai tafi a banza ba. Addini ne ke iya faɗa mata haka da muryar da za ta yarda da ita.

Labarin Nana Maryamu ya fi komai tasiri a nan, kuma ina ganin ba mu cika karanta shi yadda ya kamata ba. Alƙur'ani bai nuna ta tana haihuwa cikin murmushi ba. Ya nuna mace ita kaɗai, naƙuda ta kai ta gindin dabino, ƙunci ya kai ta har ga fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba, ba a ce imaninta ya yi rauni ba. Lallashinta aka yi, aka nuna mata ruwa, aka umurce ta ta girgiza dabinon ta ci. Mace mafi daraja ta ji tsoro ta kuma furta shi, amsar da ta samu ta haɗa kwantar da hankali da abinci da wani aiki da za ta yi da hannunta. Shari'a ma haka take tafiya: ta yi wa mai ciki rangwamen azumi idan ta ji tsoron cutuwa, hadisi kuma ya sa wadda ta rasu wurin haihuwa cikin shahidai, shaida ce cewa an san girman abin da take fuskanta.

Matsalar tana farawa ne daga inda aka juya wannan mafaka ta zama murfi. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Kenneth Pargament, ya daɗe yana bincike a kan yadda mutane ke jingina da addini a lokacin tsanani, ya kuma bambanta hanya biyu. Akwai wanda ke ganin Ubangiji majiɓincinsa ne, yana yin nasa ƙoƙarin yana miƙa sauran. Akwai kuma wanda ke ganin wahalarsa azaba ce, ko alamar an yi watsi da shi, ko aikin shaiɗanu. Na farko hankalinsa kan kwanta, na biyu damuwarsa ƙaruwa take. Duk wanda ya zauna da mata a gidan suna ya san irin na biyun. Mace ta ce tana jin tsoro, a ce mata "ki ji tsoron Allah, ina tawakkalinki?" Ta ce ba ta iya barci, tana yawan kuka ba dalili, a ce "shaiɗan ne, ki yawaita istigfari." Sai ta koma ɗaki da kaya biyu: fargabar da ta zo da ita, da sabon tsoron cewa imaninta ne ya samu tangarɗa. Daga ranar ba za ta sake faɗa wa kowa ba.

Wata fargabar kuma saƙo ce daga jiki, kuma nan ne rai ke salwanta. Ciwon kai mai tsanani, da kumburin fuska da hannuwa, da ganin dishi-dishi, alamun hawan jinin ciki ne da ke iya kaiwa ga jijjiga. Idan mace ta faɗi tana taune harshe, idanu sun juye, gidaje da yawa abin da ke fara zuwa musu shi ne iska ta taɓa ta, sai a kira mai ruƙiyya, a turara hayaƙi, a tofa. Alhali allurar da ke tsayar da jijjiga, magnesium sulphate, tana da araha, an kuma daɗe ana amfani da ita a manyan asibitocin Arewa. Masu binciken mutuwar mata wurin haihuwa sun daɗe da gano jinkiri iri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake faruwa, kuma sau da yawa da kalmomin addini ake lulluɓe shi. Rubutun sha a kan kansa ba shi ne matsalar ba. Awanni goma da aka ɓata ana jiran ya yi aiki alhali ɗa ya zo a gicciye su ne ke cutarwa. Cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina, inda likita ɗan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya shafe shekaru yana ɗinke mata, ta karɓi dubban matan da doguwar naƙuda ta yi wa illa, da yawansu an yi ta ba su haƙuri a gida kwana biyu ko uku.

Ba Musulmi kaɗai abin ya shafa ba. A wasu majami'u ana yi wa masu ciki addu'ar su haihu kamar matan Ibraniyawa da Littafin Fitowa ya ambata, har wasu matan suka ɗauki tiyatar ciro ɗa a matsayin gazawar bangaskiya, suna ƙin sa hannu sai lokaci ya ƙure.

Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa sau da yawa "mun bar wa Allah" sutura ce da talauci ke yafawa. Magidancin da ba shi da kuɗin mota zuwa gari, ko wanda hanyar ƙauyensu ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, ko matar da aka taɓa yi wa tsawa a ɗakin haihuwa ta rantse ba za ta koma ba, duk za su ce tawakkali suka yi, domin ya fi sauƙin faɗa a kan "ba ni da shi." Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna haihuwa 39 cikin 100 ne kawai ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa ba su kai 20 ba. Wa'azi kaɗai ba zai gyara wannan ba. Nijar ta daɗe da ayyana tiyatar haihuwa kyauta, Najeriya ma ta sanar da irin wannan ga mata marasa ƙarfi a ƙarshen 2024, amma sanarwa daban, jini a ma'ajiya da likita a bakin aiki ƙarfe biyun dare daban.

Akwai wani lokaci da ba a cika lura da shi ba, kuma shi ya fi damuna. Da zarar mace ta haihu, jinin biƙi ya ɗauke mata salla; a mazhabar Malikiyya yana iya kaiwa kwana 60. Wato abin da ta jingina da shi wata tara ya tsaya cak daidai makonnin da ciwon damuwar bayan haihuwa ya fi kama mata. Ga rashin barci, ga wankan jego safe da yamma, ga baƙi, bayan suna kuma kowa ya watse. Mata da yawa ba a taɓa jaddada musu cewa zikiri da addu'a da sauraron karatu ba su haramta gare su ba, sai su ji kamar an rufe musu ƙofa. Mace ɗaya ko biyu cikin kowace 1,000 kan shiga ruɗewa mai tsanani a kwanakin farko, ta riƙa jin muryoyi ko ta ƙi jaririnta. Wannan ciwo ne na gaggawa da ke da magani, amma a gidajenmu kusan kullum sunansa aljanu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an gwada haɗa hanyoyin biyu an ga amfani. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ƙasar Musulmi mai al'adun kunya irin namu, an horar da matan da ke aikin lafiya gida-gida su riƙa zama da masu ciki suna sauraronsu, suna taimaka musu su sauya tunanin da ke cin su. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna ciwon damuwa ya ragu da fiye da rabi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki tsarin ta yaɗa shi. A yankin Damagaram kuwa an kafa "makarantun mazaje", inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, da goyon bayan sarakuna da malamai, zuwa awo da haihuwa a asibiti suka ƙaru. A Kano, Farfesa Hadiza Galadanci tana cikin waɗanda suka jagoranci gwajin E-MOTIVE, wanda a 2023 ya nuna ana iya rage munanan sakamakon zubar jini bayan haihuwa da kusan kashi 60 ta hanyar auna jinin da wata leda da gaggauta ba da magunguna a tare. Duk lokacin da haɗarin ya ragu, fargabar ma raguwa take, addu'a kuma ta samu abin da za ta raka.

Mu kuwa muna da abin da Pakistan ta sha wahalar ginawa: malamar Islamiyya, wadda mata ke gani sau da yawa a mako, suka kuma yarda da ita fiye da kowace ma'aikaciyar jinya. Tun zamanin Nana Asma'u da ƙungiyarta ta 'Yan Taru mata ke kai wa mata ilimi har cikin gida. Malamar da ke koyar da babin haila da biƙi za ta iya ƙara alamomin haɗari guda biyar ko shida a darasin, ta iya gane ɗalibar da ta yi shiru fiye da kima, ta tambaye ta a keɓe ko tana samun barci. Limamin Juma'a da ke kawo hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali zai iya fassara wa maza shi da harshen yau: a tanadi kuɗin mota tun ciki na wata shida, a san wanda zai ba da jini, a kuma bar wa matar izinin fita asibiti tun kafin a yi tafiya, don kada naƙuda ta zo maigida yana Legas wayarsa a kashe.