Hakin Da Ya Ƙi Jin Maganin Asma

Uwargida, idan ke ko ɗanki matashi kuka fara haki a kan aikin da kuka saba yi ba wahala, kamar shara ko hawa bene, abin da zai fara zuwa a rai shi ne asma ko ƙarancin jini. Galibi ma hakan ne. Amma idan an shafe watanni ana shan magani, hakin kuma sai ƙaruwa yake yi, akwai wata cuta da ba kasafai ake samunta ba, wadda likitoci ke kira PVOD.

A cikin huhu akwai ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya bayan ya ɗebi iskar oksijin. A wannan cuta, bangonsu ne ke yin kauri har su toshe. Sai jini ya taru, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turawa da ƙarfi har ya gaji. Daga nan ake ganin kasala, kumburin ƙafa, jiri ko suma, leɓe ya yi duhu.

Hoton ƙirji na yau da kullum bai isa ya gano ta ba. Ana farawa da hoton zuciya na eko, sai hoton CT na huhu, da gwajin busa numfashi mai nuna yadda iska ke ratsawa cikin jini. Akan kuma zura siririyar roba ta jijiya zuwa zuciya don auna matsin jinin huhu. Yankar tsokar huhu kuwa, likitoci na gudunta saboda haɗarin zubar jini.

Wani nau'inta na gado ne. A 2014 aka gano alaƙar cutar da ƙwayar halittar EIF2AK4, kuma sai yaro ya gaji matsalar daga uwa da uba duka take bayyana. Saboda haka idan auren zumunci kuka yi, ko wani ɗan uwa ya taɓa irin wannan hakin, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba.

Cutar tana kama da hawan jinin huhu da aka fi sani, kuma a nan haɗarin yake: magungunan buɗe jijiya da ke taimakon masu wancan suna iya tara wa mai PVOD ruwa a huhu. Don haka kada ki ari maganin kowa. Ki nemi a tura ku asibitin koyarwa wurin likitan zuciya ko na huhu, ki tafi da duk hotuna da kwalayen magungunan da aka sha.