Yadda Tauraron Ɗan'adam Ke Ƙiyasta Ruwan da Ke Ƙafewa a Busassun Ƙasashe

A ƙasashe masu ƙarancin damina, mafi yawan ruwan saman da ya sauka ba ya isa kogi ko rijiya, komawa sama yake yi a matsayin tururi. Hanyoyin komawarsa biyu ne: ƙafewa daga doron ƙasa, da fita ta ƙananan kafofin ganyen tsirrai. Masana sukan haɗa su su auna tare, domin da wannan awo ne ake tsara rabon ruwan noman rani.

Abin lura a nan shi ne tauraron ba ya ganin tururin da kansa, zafin doron ƙasa yake aunawa. Tulun ƙasa ya isa misali: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinsa yana ƙafewa, shi ya sa na ciki ke yin sanyi. Haka gonar da ta sha ruwa takan fi busasshen fili sanyi, ko da rana ɗaya ke dukansu.

Ƙarfin ranar da ƙasa ta riƙe yakan kasu gida uku. Kashi ɗaya yana ɗumama ƙasa, ɗaya yana ɗumama iska, na ukun kuma shi ke mayar da ruwa tururi. Idan aka ƙiyasta biyun farko aka ɗebe su, abin da ya rage shi ke nuna yawan ruwan da ya tashi. A kan wannan ƙa'ida Wim Bastiaanssen, ɗan ƙasar Holan, da abokan aikinsa suka gina tsarin SEBAL, wanda suka wallafa a 1998. Ana amfani da shi a kan hotunan taurari irin su Landsat 8 da Landsat 9, waɗanda Amurka ta harba a 2013 da 2021. Kowanensu yakan ratsa ta saman wuri ɗaya sau ɗaya a kwana 16.

Sai dai hanyar tana da cikas. Gajimare kan rufe ƙasa, hazo kan gurɓata awo. Inda tsirrai suke jefi-jefi kuwa, zafin rairayi yakan cakuɗu da na ganye. Irin waɗannan matsaloli na cikin abin da binciken HAPEX-Sahel ya duba a kusa da Yamai a 1992, inda aka kwatanta awon sama da na ƙasa. Har yau ana bukatar wannan kwatanci kafin a dogara da alƙaluman tauraro wajen raba wa manoma ruwa.