Abincin Gidan Kallon Ƙwallo a Ƙasar Kura da Bunkure

A ƙasar Kura da Bunkure ba a kallon ƙwallo da yunwa. Duk inda ka ga rumfar kwano da faifan tauraron ɗan'adam a kanta, ga allo a jingine a bakin ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli, to ka waiwaya gefe. Za ka ga teburin mai shayi, da tukubar mai tsire, da yara ɗauke da farantan talla. Da zarar mai gidan kallo ya tayar da janareta, kasuwa ta ci.

Abin da ake ci a waɗannan gidaje gona yake bi, gonar kuma ruwan Tiga take bi. Tun da aka kammala madatsar a 1974, aikin da gwamnatin Audu Baƙo ta ɗauko, ruwa ke gangarowa da kansa ta manyan magudanai zuwa filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara shayar da kimanin hekta 22,000 a kashin farko, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shi ya sa saurayin wannan yanki bai cika tafiya ci-rani ba, hasali ma wurinsa ake zuwa. Rani da damina yana da aiki, ko dashen shinkafa, ko ban-ruwa, ko tsinkar tumatir, ko lodin kwanduna. Idan yamma ta yi akwai 'yan canji a aljihunsa, akwai gajiya a jikinsa, kuma akwai yunwa. Gidan kallo ya haɗa masa wurin hutawa da wurin cin abinci.

Gasar Firimiyar Ingila a watan Agusta take farawa, tsakiyar damina, lokacin da ɗanyar masara ta cika ko'ina. Wanda ya saba bin titin Kano zuwa Zariya ya san 'yan masarar Karfi, waɗanda ruwan rani ya sa kusan ba sa rabuwa da ita duk shekara. A ƙofar gidan kallo, mai gashi yana zaune gaban garwashi da guntun kwali a hannu yana fifita, yana juya masarar har gefenta ya yi baƙi-baƙi, sannan ya naɗe ta a ɓawonta ya miƙa maka da zafinta. Ba a cinye ta kai ɗaya. Karya ta ake yi biyu, a miƙa wa na kusa. Idan kaka ta shigo sai dafaffiyar gyaɗa da dankali su karɓi fage, rake kuma ya biyo baya. Ranar babban wasa, yaron da ke sharar gidan kallo da safe shi ya fi kowa sanin yawan raken da aka sha.

Hunturu lokacin mai shayi ne. Wasannin Zakarun Turai na Talata da Laraba ƙarfe tara na dare ake take manyansu a wannan lokaci, kuma sanyin da ke tasowa daga filayen da aka shayar ba irin na cikin birni ba ne. Sai ka ga mutum da hular sanyi da tsohuwar rigar Arsenal a kan wata rigar, ya leƙo a hutun rabin lokaci yana cewa, “Mai shayi, yi mini haɗin kauri, a soya ƙwai biyu, kada a yi rowar albasa.” Ba kuwa za a yi ba, domin daga Janairu zuwa Maris tumatir da albasa da attaruhu sun yi arha, motoci na ta lodi a kasuwar Kwanar Gafan zuwa Kudu, wanda ya fashe ko ya nuna da yawa kuma a gida yake tsayawa. Masu saye da sayarwa ba su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir, har ya zama sai an yi sa'a ake ganin yanka ɗaya a kan abinci a yankin da ke ciyar da ƙasa da shi.

A ganina sarauniyar abincin gidan kallo ita ce gurasa, musamman bandashe. Mai gurasa zai ɗauko ta daga kwando, ya tsoma ta a ruwa ya cire da sauri don ta yi laushi, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗa garin ƙuli-ƙuli mai yaji har sai ta ɓace a ƙarƙashinsa, ya yaryaɗa man gyaɗa, sannan ya watsa albasa da tumatir da kabeji da kokwamba. Mai hali ya sayo tsire ya ɗora. Faranti ɗaya mutum uku ko huɗu ke sa wa hannu, idanu na kan talabijin, hannu ya san hanyarsa. Abin da ke damuna game da ita guda ne. Ga alkama ana nomawa a Kadawa da kewaye, a shuka ta farkon sanyi a girbe ta wajen Maris, amma yawancin gurasar da muke ci da fulawar kamfani ake yinta, wadda alkamarta daga ƙetare ake shigo da ita.

Shinkafa kam ta gida ce. Kura gari ne na injinan casa da matan da suka ƙware wajen turara shanshera, don haka garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, ba ya wuya. Shi ne abincin wasannin yammacin Asabar, waɗanda ake farawa dab da La'asar. Mutum ya taso daga gona, ya yi salla, ya ci kwano ɗaya da ɗan latas a kai, sannan ya biya kuɗin shiga. Ɗanwake da awara ma suna nan. Idan bazara ta zo, rumfar kwano ta ɗau zafi, sai kankana da zoɓo da kunun aya mai ƙanƙara. A shekarun nan da azumi ke faɗowa cikin kakar wasa, sai an sha ruwa an yi asham kafin benci ya cika, ƙosai da kunun tsamiya kuma su fito.

Amurkawa ma suna da irin wannan al'ada, sai dai tasu ƙwallon da hannu aka fi buga ta, kuma a gida ake taruwa. Mai gida ya gayyaci abokai ya yi girki, kowane yanki da abin da yake taƙama da shi: fukafukan kaza masu yaji da suka samo asali a birnin Buffalo a 1964, biredi da yankakken nama da cuku na Filadelfiya, miyar nama da barkono ta Texas, gasasshen naman Kansas City. Ranar 11 ga Fabrairun 2024 suka yi wasansu na ƙarshe na Super Bowl a Las Vegas, a ranar ce kuma Najeriya ta kara da Kwaddibuwa a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan, muka fara cin ƙwallo ta hannun Troost-Ekong, aka tashi 2-1 ba mu da kofi. A Amurka sai an gayyace ka. A nan kowa da kuɗinsa yake saye, amma ba mai kai loma baki bai ce “Bismilla” ba, ko da na kusa da shi ɗan Madrid ne shi kuwa ɗan Barcelona, ko da yanzu suka gama musu har jijiyar wuya ta tashi. Ƙarami ma ba ya wuce babba da leda a hannu sai ya rusuna ya ce, “Baba, ga gyaɗa.” Wanda ƙungiyarsa ta yi nasara yakan sayi tsire ya ajiye a tsakiya, wanda aka ci ya sha tsokana, ya kuma ci nama.

Bayan waɗannan farantai akwai matan da ba sa zuwa gidan kallo. Su ne suka dafa zoɓon, suka soya awarar, suka kwaɓa ɗanwaken a cikin gida, kuma da ribar ake sayen sabulu da littafin makaranta da kayan ɗakin 'ya. Sana'a ce mai albarka, amma ba na jin daɗin ganin yarinya 'yar shekara goma tsaye da bokiti a ƙofar rumfar samari har goma na dare. Haka nan ledojin ruwa da robobin lemon ƙara kuzari, waɗanda suka fara ture zoɓo da kunun aya, iska na kwashe su zuwa magudanan da kowa ke ci daga gare su. Cacar ƙwallo ta waya kuma ta fara cin kuɗin da a da ake sayen gurasa da shi a ci tare.

Masu gidajen kallo, ku ware wa masu abinci wuri mai haske da tsafta, ku ajiye kwandon shara a bakin ƙofa, kada ku bar caca ta zauna muku a benci. Iyaye kuma, a bar tallan dare ga samari da manya, 'yan mata su koma gida kafin Isha'i.