Tankaɗe da Rairaya: Zaɓen Hotuna Bayan An Wanke Fim

Wanda ya rataya tsohuwar kyamara mai cin fim ya shiga Birnin Konni, ya san ba shi da damar ɓarna. Fim mai faɗin milimita 35 yakan ɗauki hoto 24 ko 36, kuma ba a ganin abin da aka kama sai an wanke shi. Wankin ma ya zama aiki, domin tun da wayar hannu ta mamaye kasuwa yawancin masu hoto suka rufe ɗakunan duhunsu. Saboda haka ranar da dodon hoto ya dawo hannun mai shi, ranar ce ake soma aiki na biyu, wato zaɓe.

Hanyar da aka gada ita ce a jera dodon fim guda a kan takarda ɗaya a buga su ƙanana, a duba da gilashi mai ƙara girma, a kewaye na kirki da jan fensir. Robert Frank ya ɗauki hotuna kusan 27,000 a yawonsa na Amurka, amma 83 kacal suka shiga littafinsa da ya fito a Faransa a 1958. A Bamako kuwa, a zamaninsa Malick Sidibé yakan manna ƙananan hotunan bikin daren jiya a kan kwali, kowanne da lambarsa, samari da 'yan mata su zo su nuna wanda suke so. Can mai kyamara ne alƙali. Nan kuwa waɗanda aka ɗauka ne, kuma sau da yawa hukuncin biyun ba ya zama ɗaya.

Tankaɗen farko mai sauƙi ne: a fitar da wanda hannu ya girgiza, da wanda hasken tsakar rana ya ƙone. Sai dai a yi hattara da hazo. Hoton motocin siminti a bakin masana'antar Malbaza cikin hunturu yakan fito fari-fari kamar ya lalace, alhali kuwa haka garin yake a ido a watan Janairu.

Rairayar ce mai wuya, domin zuciya tana ruɗin mai ita. Mutum yakan ƙaunaci hoto saboda wahalar da ya sha kafin ya same shi, ko saboda hirar da ya yi da mai buhunan albasa a Galmi, amma mai kallo ba ya ganin wahalar, ba ya jin hirar. Shi ya sa ƙwararru suke ajiye hotuna na 'yan makonni har ɗokin ya huce, sannan su baza su a ƙasa. Idan biyu suna faɗin magana ɗaya, ɗaya ya fita, ko da kyakkyawa ne.

Ɗalibin harshe yana da nasa ma'aunin. Allon shago da aka rubuta da Faransanci da Hausar boko, ga ayar Larabci a saman ƙofa, ga ɗan canji riƙe da sefa da naira a hanyar Illela ta jihar Sakkwato (ba Illéla ta Adar ba, sunan ne ya zo ɗaya), irin wannan hoto shaida ce ta yadda harsuna suke zaune tare a bakin iyaka, ko da ya ɗan karkace. Ita kanta kalmar "hoto" aro ce daga Ingilishi, inda sautin /f/ ya koma /h/ a gaban wasalin /o/.

Saura haƙƙin wanda aka ɗauka. Matar da ta ja mayafi ta kau da kai a kasuwar Badaguichiri ta riga ta ba da amsa, kuma fitowar hoton da kyau ba ta soke amsar ba. Irin wannan yakan zauna cikin ambulan tare da dodonsa, ba ya hawa bango.