Gargaɗi Ga Mai Nufin Komawa Gindin Dutse Bayan Ritaya

Daga cikin burace-buracen da suka yawaita a zukatan ma'aikata a wannan zamani, musamman waɗanda suka cika shekara 35 suna yi wa gwamnati hidima, ko kuwa suka kai shekara 60 da haihuwa har doka ta wajabta musu ajiye aiki, akwai burin barin birni da hayaniyarsa da tsadar hayarsa, a koma wani ƙaramin gari a gefen duwatsu, inda ake kyautata zaton samun iska mai daɗi da ƙasa mai albarka da maƙwabta masu kunya, domin mutum ya ƙarasa abin da Allah ya rage masa na kwana cikin ibada da ɗan noma da kiwo. Wannan buri ba abin zargi ba ne, ko a shari'a ko a hankali. Amma da yake galibin masu wannan niyya sun san dutse ne ta hanyar ziyarar kwana biyu da rani, lokacin da hanya take a bushe kuma rafuka suke kwance, ya zama wajibi a bayyana musu abin da baƙo ba ya gani, tun kafin su zuba garatutinsu a ginin da ba za su iya ɗauka su komo da shi gida ba.

Za mu ɗauki misali da ƙasar Gashaka ta Jihar Taraba, watau garuruwan da suke ƙarƙashin tsaunin Mambila, irin su Serti, inda hedikwatar ƙaramar hukuma take, da Mayo Selbe, inda mota take fara hawan dutse zuwa Maisamari da Nguroje da Gembu. Ƙasa ce da ta kasance a hannun Jamus, sa'an nan Ingila ta riƙe ta amana, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 wadda ta shigar da ita Nijeriya. A cikinta ne gandun dajin Gashaka-Gumti yake, wanda ya fi kowane gandun daji na tarayya faɗi, kuma a wannan yanki ne ƙololuwar Chappal Waddi take, mai tsawon mita 2,419, wadda babu tudun da ya kai ta a duk ƙasar nan. Duk wanda ya ga wannan wuri da idonsa ba za a yi mamaki ba in zuciyarsa ta raya masa zama. Sai dai abin da za mu faɗa a kansa ya shafi mai nufin Kagoro, ko Kaltungo, ko gefen duwatsun Mandara, gwargwadon halin kowane wuri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ɗauka cewa sanyin da ake ba da labarinsa a kan tsauni ya sauko har gindinsa. Masana sun tabbatar cewa zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000, saboda haka Gembu da Nguroje, waɗanda suke a tudu mai tsawon mita 1,500 ko fiye, suna da sanyin da har ake noman ganyen shayi a Kakara, alhali kuwa Serti, wadda take a ƙasa, tana shan zafin bazara a watan Maris kamar sauran garuruwan kwari, ga kuma sauro da zazzaɓinsa. Dattijon da ya gudu daga zafin Kano ko na Sakkwato ya sauka a gindin dutse, lalle zai tarar bai tsira daga zafin ba, bal ma ya ƙara wa kansa gumi da laima. In kuwa ya ce zai haye sama domin ya sami sanyin na haƙiƙa, to ya tuna cewa sanyi da hazo na wata da watanni ba su cika yin daɗi ga mai ciwon gaɓoɓi ko mai asma ba, kuma hawa da gangara na kullum, zuwa masallaci da kasuwa da gona, aiki ne da gwiwar ɗan shekara 70 take jin sa.

Sa'an nan sai al'amarin ruwa, wanda shi ne ni'imar wurin kuma shi ne fitinarsa. Damina a can tana farawa tun wajen Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba ko bayansa, kuma ruwan da ake samu ya kai kusan ninki biyu na abin da ƙasar Kano take samu. Ruwan da ya sauka a kan dutse kuwa ba ya samun ƙasa mai zurfi da za ta shanye shi, sai ya taru cikin kwazazzabai ya gangaro da ƙarfi, ɗauke da duwatsu da itatuwa, har ya zama rafin da yaro yake tsallakewa da hantsi ya gagari babbar mota da la'asar, ko da kuwa ba a yi ɗigo ɗaya a cikin garin ba, domin hadarin a can sama ya zuba. Filin da mai sayarwa zai yaba maka saboda shimfiɗarsa da laushin ƙasarsa a bakin kwari, sau da yawa ambaliyar shekarun baya ce ta shimfiɗa shi, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. Haka nan wanda ya sare gefen tudu ya kafa harsashi, bayan an riga an kassara itatuwan da saiwoyinsu suke riƙe da ƙasar, ya jawo wa iyalinsa haɗarin zaftarewa. Ga abin da ya faru a Bafusam ta ƙasar Kamaru a watan Oktoba na 2019, inda gefen tudu ya rufto da dare bayan ruwa mai yawa, mutum fiye da 40 suka rasu a cikin gidajensu, kuma waɗancan tuddai da na Mambila jeri ɗaya ne. Alamomin da mai hankali zai duba ba ɓoyayyu ba ne: manyan duwatsu masu sulɓi a warwatse cikin fili, itatuwa da suka karkata wajen gangare, tsagewar ƙasa a saman tudu, da kuma filin da yake kusa da gari amma 'yan garin ba su taɓa gini a kansa ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi ƙarfin hujja, gama ba banza kakanninsu suka bar shi ba.

Game da lafiya, ya kamata mai niyya ya yi wa kansa hisabi na gaskiya, domin shekarun ritaya su ne shekarun hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, kuma waɗannan cututtuka ne da jinkirin sa'a biyu yake iya raba mai su da rai ko da lafiyarsa. Asibitin ƙaramin gari yana iya maganin zazzaɓi da karɓar haihuwa, amma babban asibitin tarayya yana Jalingo, tafiyar sa'o'i masu yawa, a kan hanyar da gada ɗaya in ta karye da damina sai a jira ruwa ya janye. Bayan wannan, gindin dutse yana da nasa cututtukan da mutumin birni bai saba da su ba. Rafuka masu gudu a kan duwatsu su ne mahaifar wani ɗan baƙin ƙuda wanda cizonsa yake sa ƙaiƙayi mai tsanani, daga bisani ya kai ga makanta, kuma ƙasar Gashaka da Bali suna cikin wuraren da aka daɗe da sanin wannan cuta. Maganinta, watau Mectizan, kyauta ake raba shi tun 1987, sai dai sharaɗinsa a riƙa sha duk shekara tare da jama'ar gari. Tsakankanin duwatsu da ciyayi kuma mazaunin macizai ne, ciki har da kububuwa, wadda dafinta yake hana jini daskarewa, har saboda yawan saranta aka keɓe asibiti na musamman a Kaltungo ta Jihar Gombe, garin da shi ma a gindin duwatsu yake. Wanda maciji ya sara, a kwantar da gaɓar kada ta yi motsi, a gaggauta kai shi inda ake da allurar dafi. Tsaga wurin da reza, ko ɗaure shi tamau, ko ɓata lokaci wajen tsotsa, duk ƙarin cuta ne. Maƙoƙo ma ya fi yawa a ƙasashen tuddai, saboda ruwa ya wanke sinadarin aidin daga ƙasarsu, maganinsa kuwa gishiri mai aidin. Saboda haka tambayar da za ka yi kafin ka tambayi kuɗin fili ita ce: ina asibitin da yake da allurar dafi da jini da likita, kuma wa yake da motar da za ta kai ka can da tsakar dare a watan Agusta?

Mas'alar ƙasa ita ce ta fi kowace jawo nadama. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a filayen karkara, saboda haka takardar da aka rubuta a gindin bishiya tsakaninka da mai sayarwa ba ta wadatar ba sai hukuma ta amince. A ƙauye kuma gona takan kasance gadon zuriya ce da ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa ba. Malaman fiƙihun Malikiyya kuwa sun tabbatar wa abokin tarayya haƙƙin shuf'a a irin wannan ciniki, watau ya mayar maka da kuɗinka ya karɓi filin, kamar yadda suka ɓata cinikin da yake da garari, irin sayen gonar da ba a san iyakarta ba. Ka tabbata kuma filin bai shiga burtali ko mashayar shanu ba, bai kuma faɗa cikin iyakar gandun daji ba, inda doka ta hana noma da farauta da saran itace. In ma yana kusa da iyakar, ka san cewa birai da gadu za su yi tarayya da kai a masararka. Rikicin da ya ɓarke a kan tsaunin Mambila a watan Yuni na 2017, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa a cikinsa, tushensa jayayya ce a kan ƙasar noma da kiwo, kuma baƙon da ya zo da kuɗi ya killace fili mai faɗi da waya yana iya jefa kansa cikin tsohuwar husuma wadda bai san mafarinta ba. Kada kuma a ruɗe ka da cewa filaye za su yi daraja idan an gama madatsar lantarki ta Mambila, wadda a da aka tsara mata ƙarfin megawat 3,050, gama an shafe shekaru masu yawa ana maganarta ba a ga wuta ba, kuma kuɗin tsufa ba na caca ba ne.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da za ka tarar. Ƙaramin gari ba fanko ba ne da yake jiran mai kuɗin birni ya zo ya raya shi. Yana da sarkinsa da jauro da limami da dattawa, yana da Musulmi da Kirista, manoma da makiyaya, kuma a ƙasar Gashaka da Mambila Fillanci ne harshen da ya haɗa ƙabilu a kasuwa tare da Hausa. Tsohon darakta ko babban sakatare wanda ya saba a miƙe masa in ya shigo, ya sani cewa a nan baƙo ne, kuma darajarsa za ta tsaya ne a kan gaisuwa, da zuwa jana'iza da suna, da kame baki daga siyasar gari da rigimar sarauta. Ya kuma shawarci uwargida shawara ta gaskiya, domin ita ce za ta rabu da danginta da maƙwabtanta na shekara 30, ita ce kuma kaɗaici zai fi dama. Sada zumunci wajibi ne, nisan hanya kuwa yana raunana shi, har jikoki su tashi ba su san kakansu ba sai a waya, in ma akwai sabis.

Ta fuskar kuɗi, gaskiya ne hatsi da nama da itace sun fi araha, amma siminti da kwano da man fetur da magani sun fi tsada saboda kuɗin dako, ga rijiya ko burtsatse da wutar sola da mutum zai yi wa kansa, ga tafiya birni domin banki ko tantance 'yan fansho. Gidan da ka kashe miliyoyi a kansa a ƙauye kuwa, ranar da lalura ta tilasta maka sayarwa, ba lalle ka sami mai sayensa ko da rabin kuɗin ba.

Ba muna hana kowa komawa gindin dutse ba ne, domin akwai waɗanda suka koma suka sami natsuwa da lafiya da albarkar noma, galibinsu kuwa waɗanda suka yi aiki a wurin tun suna da ƙarfi ne, ko suke da dangi a can. Abin da muke kira gare shi shi ne tadabburi da bin sababi. Ka yi istihara, ka shawarci likitanka da iyalinka, sa'an nan ka kama haya ka zauna shekara guda cur, ka ga bazara da damina da hunturu, kafin ka sayi ko taki ɗaya. In ka yanke shawarar saye, to a yi shi a gaban dagaci da dukkan magada da shaidu adilai, a zagaya iyaka da ƙafa, a kai takarda ƙaramar hukuma. Ka gina ƙaramin gida a kan tudu mai ƙarfi kusa da jama'a da hanya, ka bar kaso mai tsoka na garatutinka a ajiye saboda jinya, kuma kada ka sayar da gidanka na birni har sai ka tabbata ba ka da sauran bukatarsa. Jama'a, duk wanda yake da uba ko ɗan'uwa mai wannan niyya, ya isar masa da wannan nasiha tun kuɗin suna hannunsa. Allah ya sa mu gama lafiya, amin.