Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki

Da yawa cikinku kuna aikin gadi ko shara a biro, ko asibiti, ko kanti. Kuna ganin ruwa yana ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wadda muke kira kilimatizar. Ba wanda ya zuba mata ruwa. To daga ina yake fitowa?

Daga iska yake fitowa. Ku ɗauko kwalba mai sanyi daga firigo, ku aje ta bisa tebur. Ba a jimawa sai ta yi gumi. Kwalbar ba ta fashe ba. Iska ce ta taɓa sanyi, ta saki ruwan da take ɗauke da shi, kamar raɓar asuba. Iska mai zafin digiri 30 tana iya ɗaukar ruwa wajen sau uku fiye da mai digiri 10. Shi ya sa na'urar take zubar da ruwa da yawa da damina, amma da hunturu sai kaɗan.

Abin mamaki, ba don jin daɗin mutane aka fara ƙera ta ba. A shekarar 1902 wani Ba'amurke, Willis Carrier, ya tsara ta don wani gidan buga takardu a birnin New York, inda damshi ke ɓata musu aiki.

Cikin na'urar akwai ɗan faranti mai tara ruwan, da tiyo mai fitar da shi waje. Amma kun sani, ruwa ba ya hawan tudu. In mafitar ta fi farantin tsawo, ko tana da nisa, sai a sa ƙaramin famfo mai aiki da lantarki. Famfon yana da ɗan tulu. Cikin tulun akwai wani abu marar nauyi da ke yawo bisa ruwa kamar gora. Ruwa ya taru, gorar ta tashi, ta kunna famfo. Ruwa ya sauka, ta sauka, famfo ya tsaya.

Maƙiyin famfon nan ƙura ce, mu kuwa ba mu rasa ta ba. Ƙura ta haɗu da ruwa ta zama laka. Gora ta maƙale, tiyo ya toshe. Sai ruwa ya bi bango, ya ɓata takardu. In ya kai ga wayar lantarki, yana iya kashe mutum.

Don haka in kun ga ɗiga cikin ɗaki, kada ku sa bokiti ku yi shiru. Ku kashe wuta tukuna, hannunku a bushe. Ku duba ko tiyo ya lanƙwashe. In ba shi ba ne, a kira mai gyara ya wanke tulun.

Ruwan nan fari ne tas, amma kada a sha, kada a ba yara. Ya bi ta ƙura da ƙarfe, ƙwayoyin cuta suna iya zama ciki. A goge daɓe da shi, ko a zuba ma itatuwan tsakar gida.